Amsa: SIWES a rediyo, Zariya ko Kaduna?

Ka tambaya ko ka yi SIWES ɗinka, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai wuraren aiki su yi, a ƙaramar tasha nan Zariya ko ka nemi babbar tasha a Kaduna. Ka zauna inda za a bar ka ka taɓa na'ura, kuma ƙaramar tasha ta fi ba da wannan damar. A manyan gidajen rediyo ɗalibai kan yi yawa, sai ka ƙare wata uku kana kai takarda daga ɗakin labarai zuwa sitidiyo.

Amma da sharaɗi: kada ka je hannu rabbana. Kafin ka bar Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, ka iya yanka murya da manhajar Audacity ko Adobe Audition, ka saba barin tazarar kamu ɗaya tsakanin bakinka da makirfo, don "b" da "f" suna fasa sauti in ka manne. Sauti kuma kada ya taɓa ja a ma'aunin ƙarfin sauti, a tsaya wajen -12 dB a ma'aunin. In an tura ka Kasuwar Sabon Gari ɗauko ra'ayin jama'a, sa abin kunne, ka juya wa janareta baya, in ba haka ba edita zai watsar da aikin. Littafin SIWES kuwa a sa masa hannu duk mako, masu bari sai ƙarshe su ne ke bin shugaban sashe da roƙo.