Ƙarfe a jini, da ma'anar "kamar hanta da jini"

Wata mai karatu daga Damagaram ta rubuto cewa a wurin awo an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce mata sinadarin ƙarfe ne a ciki. Tambayarta: ƙarfen maƙera ake nufi, ko "ƙarfi" aka so a ce harshe ya zame? Ta kuma nemi fashin baƙin "kamar hanta da jini".

Malama, harshe bai zame ba. Ƙarfe ne, irin wanda kakanninmu ke narkarwa daga tama, sai dai ɗan mitsitsi. Duk jikin baligi giram 3 zuwa 4 yake ɗauke da shi, bai fi ƙaramar ƙusa ba, kuma mafi yawansa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini.

"Kamar hanta da jini" kuwa aminai ake gaya wa, waɗanda ba ka ganin ɗaya sai da ɗaya. Ina kyautata zaton daga mahauta aka ɗauko ta: yanka hanta a kan faranti ki ga yadda jini ke tsattsafowa. Abin da ke faranta mini rai shi ne amincin nan ya wuce abin da ido ke gani. Hanta ce mai gadin ƙofar da ƙarfe ke bi ya shiga jini.

Ƙofar tana farkon ƙaramin hanji, dab da tumbi. Daga abincin yini guda, miligiram 1 zuwa 2 kawai ke shigewa. In ƙarfe ya wadaci jiki, hanta kan saki wani sinadari, hefsidin, wanda aka gano wajajen 2000 zuwa 2001, ya je ya rufe ƙofar. In an zubar da jini ko ana da juna biyu, sai ta rage shi, ƙofa ta buɗe. Dole ta yi tsantseni, domin jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe yadda yake fitar da gishiri. Zazzaɓin cizon sauro ma kan sa ta rufe ƙofar, wannan na cikin dalilan da suka sa mai ciwo kan ɗashe ko yana cin abinci.

Hausawa suka ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Na cikin wake da zogale ya fi shiga jiki in ya samu rakiyar lemon tsami ko gwaba. Shayi kuwa hana shi shiga yake yi, don haka ki raba lokacin shan ƙwayar da na shayin safe. Mai sikila kuma kada ya sha ƙwayar sai likita ya auna jininsa.