Tambayi Likita: Allurar Testosteron da Takardar Gwajin Jini

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk abu ɗaya suka dosa: allurar testosteron, wadda wasu ke kira allurar ƙarfin maza, da lambobin da ke fitowa a takardar gwajin jini. Na zaɓi takwas. Wanda bai ga tasa ba ya karanta sauran, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 44. An ɗebi jinina bayan la'asar, sakamako ya nuna 260. Mai gwajin ya ce na yi ƙasa, in fara allura. In fara? Daga wani magidanci a Kurna.

Amsa: Kada ka fara, Malam. Testosteron da safe yake cika a jini, rana na yi yana sauka, cin abinci ma na ƙara saukar da shi. Ka koma tsakanin ƙarfe 7 da 10 na safe, kafin ka karya kumallo, bayan ka samu barci mai kyau, kuma ba lokacin da kake fama da zazzaɓi ba. Sai an auna sau biyu a ranaku daban-daban, duka biyun sun nuna ƙasa da 300 a ma'aunin ng/dL, ga kuma alamomi a jiki irin su mutuwar sha'awa da daina miƙewar gaba da asuba, sannan ake maganar magani. Takardar kuma likita za ka kai wa, ba mai gwaji ke rubuta allura ba.

Tambaya: Ni nawa 14 ya nuna, na abokina kuma 480. Hankalina ya tashi ƙwarai. Daga Sharaɗa.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Wani ya auna da mudu ne, wani da kilo. Duba haruffan da ke gaban lambar. In ng/dL ne, yawancin maza lafiyayyu na tsakanin 300 da 1,000. In nmol/L ne, ka ninka da 29. Sha huɗunka ya kama kusan 400 ke nan, lafiya ƙalau.

Tambaya: Likita, don Allah a taimaka min. Shekararmu huɗu da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Bara maigidana ya yi gwajin maniyyi aka ce ƙwayoyin haihuwarsa sun yi kaɗan. Wani mai kyamis a unguwarmu ya ce ƙarancin sinadarin maza ne, yake yi masa allurar Sustanon duk bayan mako biyu, yau wata takwas ke nan. Da ya sake gwaji aka ce babu ƙwaya ko ɗaya. Danginsa ni suke ɗora wa laifi, kullum ana aiko min da jiƙe-jiƙe. Ko a ƙara masa yawan allurar ne? Daga wata baiwar Allah a Gwammaja.

Amsa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, kada a ƙara. Allurar nan ta Sustanon testosteron ce, kuma ita ce ta kwashe ɗan abin da ya rage masa. Na daɗe a kan saƙonki kafin in amsa, domin wannan ɓarnar ita ce ta fi damuna a duk abin da ya shafi testosteron, kuma nakan gan ta a kai a kai.

Bari in yi bayani a hankali, ki karanta wa maigida. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙululu da bai wuce girman wake ba, ana ce masa fituwitari. Shi ke aika wa maraina saƙo biyu ta cikin jini: LH, wanda ke cewa a yi testosteron, da FSH, wanda ke taimakawa a yi ƙwayoyin haihuwa. Ƙwaƙwalwa kullum tana leƙa jini ta ga nawa ne a ciki. In ta ga ya cika, sai ta daina aike, kamar yadda uwargida ba ta kiran ɗan garuwa in ta ga randa a cike. To allura ta cika randar daga waje. Ƙwaƙwalwa ta yi shiru, maraina suka ajiye aiki. Abin da mai kyamis bai sani ba shi ne, testosteron ɗin da ƙwayoyin haihuwa ke girma da shi wanda ake yi a cikin maraina ne, kuma yawansa a can ya ninka na jini sau hamsin ko fiye. Allurar da aka yi a ɗuwawu ba ta kai shi wannan matsayi. Shi ya sa namiji zai ji ƙarfi, sha'awa ta ƙaru, maniyyi na fita kamar kullum, alhali babu iri a ciki. Sau da yawa ma marainan kan ƙanƙance su yi laushi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron mako-mako a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka fitar da sakamakon a 1990, kuma yawancin mazan ƙwayoyinsu sun ƙare ƙaf cikin watanni shida. Abin da aka gwada don hana haihuwa shi ake soka wa mai neman haihuwa, a bayan kanta, ba gwaji ba takarda, a karɓi kuɗinsa. Wallahi abin yana ƙona min rai.

Akwai wani bawan Allah da ya taɓa shigo min ofis da baƙar leda, ya zazzage ta a kan tebur: ƙananan kwalaben allura da aka fasa wa wuya, sun fi ashirin, ya adana su don ya nuna min irin ƙoƙarin da ya yi. Matarsa na zaune a bencin waje riƙe da gorar jiƙo. Har ya ƙara aure a tsakani, ita ma amaryar shiru. Da na gama yi masa bayani sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe bai ce komai ba. Abin da ya fara tambaya shi ne yadda zai nemi gafarar uwargidansa.

Yanzu ga abin yi. Maigidanki ya tattara takardun gwajinsa na da da na yanzu, da kwalin allurar, ya je wurin likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin mafitsara na Abubakar Imam. Kada ya sake karɓar wata allura kafin nan. Makonnin farko bayan dainawa zai ji kasala da raguwar sha'awa, wani har ransa ya riƙa ɓaci ba dalili. A nan ne mutane ke karaya su koma wa kyamis. Ki ƙarfafa masa gwiwa, jiki ne ke farkawa daga barcin da aka sa shi. Za a auna masa testosteron da LH da FSH da furolaktin, wani sinadarin da shi ma fituwitari ke yi, a duba marainan da hannu ko akwai kumburin jijiyoyi, a tambaye shi ko ya taɓa yin hangum bayan ya balaga. In da buƙata, akwai magungunan da ke tayar da maraina su yi aikinsu da kansu, irin su kulomifin da allurar hCG. Na ambace su ne don ki san akwai hanya, ba don a je a saya ba. Likita kaɗai ke tsara su.

Sai haƙuri. Ƙwayar haihuwa na ɗaukar kwana kusan 74 kafin ta nuna, don haka ba a sake gwajin maniyyi sai bayan wata uku-uku. Yawancin maza na komawa yadda suke cikin shekara guda, wasu sai sun kai biyu. Ba zan ɓoye miki ba, tunda tun farko ƙwayoyinsa ba su da yawa, dole a nemo dalilin farkon, kuma ba ni da ikon yi miki alkawarin ciki. Haihuwa ta Allah ce. Amma a bar abin da ke toshe hanya.

Ke kuma ki daina shan jiƙe-jiƙen nan da ba ki san me ke ciki ba, ki bar matsi. Ki je likitan mata ya duba ki yadda ya kamata. Maganar dangi kuwa, maigidanki ne ya dace ya tare miki ita, tunda ya ga takarda da idonsa. Allah Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Don Allah ku je asibiti cikin makon nan.

Tambaya: Ranar allurata za ta faɗo cikin azumi. Ya zan yi? Daga Ɗorayi.

Amsa: Hukuncin azumi ka tambayi malamai. Ta fannin lafiya, babu laifi a yi maka ita bayan shan ruwa. Kada dai ka ɗage ta har bayan Sallah.

Tambaya: Likita, shekarata 58. Likita ne ya ɗora ni a kan allurar bayan gwaje-gwaje, yau shekara guda. Yanzu PCV ɗina ya kai 55, ina yawan ciwon kai, idanuna sun yi ja. Abokina ya ce jini ne ya yi min yawa, in kira wanzami ya yi min ƙaho. Daga wani Alhaji a Hotoro.

Amsa: Alhaji, abokinka ya gane ciwon amma bai gane maganin ba. PCV na nuna kaso nawa ne na jini jajayen ƙwayoyi. Namiji lafiyayye yakan tsaya tsakanin 40 da 50. Testosteron na sa ɓargo ya ƙara yin su, allura kuma ta fi man testosteron na shafawa jawo haka. In ya haura 54 jini ya yi kauri, kamar kunun da ya kwana, ana tsoron ya daskare a jijiya ya jawo shanyewar ɓarin jiki ko toshewar jijiyar huhu. A wannan lambar ake dakatar da magani.

Ban raina ƙaho ba, iyayenmu sun yi, kuma mutane na yin sa don koyi da sunna. Sai dai jinin da ƙaho ke fitarwa kaɗan ne, ba a auna shi, kuma allurar da ke kawo matsalar na nan tana aiki a jikinka. Za ka ji kai ya yi sauƙi ka ɗauka ka warke, haɗarin kuwa na nan. Ka koma wurin likitanka kafin allura ta gaba. Zai iya dakatar da ita, ya rage yawanta, ya mayar da kai kan na shafawa, ko ya sa a ɗebi jini wajen leda guda a asibiti, kimanin mililita 450, sannan a sake aunawa. Zafin Kano na watan Afrilu da ƙarancin shan ruwa na iya ɗaga lambar kaɗan, don haka ka sha ruwa sosai kafin a maimaita, amma da ciwon kan nan kada ka jira. A auna hawan jininka ma. In kana shan maganin ƙarin jini ka ajiye shi, in kana shan taba ko shisha ka bari. Ka tambayi Hajiya ko kana minshari har numfashinka ya ɗauke cikin barci, don shi ma yana ɗaga PCV.

In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, a nufi sashen gaggawa nan take, ko tsakar dare ne. Ba a jiran gari ya waye.

Tambaya: Man shafawa nake amfani da shi, ina da ƙananan yara. Akwai matsala? Daga Tarauni.

Amsa: Akwai, in ya taɓa fatarsu. Yana sa yaro ya fara alamun balaga da wuri, mace kuma ta fito da gashi a fuska. Ka shafa a kafaɗa, ka bari ya bushe, ka sa riga, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro. Mai juna biyu kada ta kusanci wurin sam.

Tambaya: Shekarata 24, ina ɗaga ƙarfe. Abokaina na yin allurar don ƙirji ya buɗe. Ni kuma tun da na fara shan tiramol nake jin rauni, har na sayi maganin maza wurin masu mota da lasifika. Daga Fagge.

Amsa: Samari, abu uku ka haɗa, kowanne ya isa ya cuce ka. Tiramol da kodin na danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, testosteron ya faɗi. Rauninka daga nan yake. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, kuma kai ɗan Kano ba sai an ba ka labari ba. Ka nemi taimakon asibiti ka rabu da ƙwayar, kada ka yanke ta rana ɗaya da kanka. Allurar abokanka kuwa ƙirji za ta buɗe maka ta rufe haihuwa, ta fito maka da nono da ƙuraje, ta wahalar da zuciya. Karanta amsar da na ba 'yar'uwarmu ta Gwammaja, kai da ko aure ba ka yi ba. Garin maganin masu lasifika kuma, ba ka san abin da aka daka a ciki ba. Akan gauraya irinsu da sinadarin Viagra ba awo, wanda ke shan maganin ciwon zuciya jininsa na iya faɗuwa warwas. Haba! Zubar da shi, ka je a duba ka.

Tambaya: Ina kan allurar Nebido. Yaushe ya kamata a ɗebi jinina, kuma me ya sa ake auna min PSA? Daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Amsa: Nebido, wadda ita ma allurar testosteron ce, duk mako 10 zuwa 14 ake yin ta, jini kuma ana ɗiba ne dab da allura ta gaba. In aka ɗiba kwana biyu bayan allura lambar za ta yi sama ta ruɗe ka. PSA na lura ne da furostet, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. In ya wuce 4, ko ya ƙaru da fiye da 1.4 cikin shekara guda, ko fitsari ya fara yi maka wuya, sai likitan mafitsara ya gan ka. Ka riƙa haɗawa da PCV bayan wata uku zuwa shida da farawa, daga nan duk shekara, kuma ka ajiye takardun wuri ɗaya ka riƙa zuwa da su asibiti.