Koyar da rumbun bayanai ga ɗaliban injiniya: ta ina za a fara?

Malam, ka ce an ba ka darasin sarrafa rumbun bayanai a Maruwa, kana neman yadda zai dace da abin da manhajar karatu ke so ɗaliban injiniya su iya.

Fara rubuta abin da ɗalibi zai yi da hannunsa ƙarshen zango: ya zana tsari da Merise (hanyar zana tsarin bayanai), ya mai da shi tebura, ya ciro amsa da SQL (harshen yi wa rumbun bayanai tambaya). Kowanne ka ware masa maki a jarrabawa. Wanda ba shi da maki, ɗalibai ba sa waiwayarsa.

Sannan ka ba su aiki guda tun makon farko, misali rajistar manoman auduga: suna, ƙauye, kilo nawa, bashin taki. Bar su su cusa komai a tebur ɗaya. Ranar da sunan ƙauye ɗaya ya fito da rubutu iri uku, lissafi ya ƙi fita, sai ka kawo ƙa'idojin daidaita tebura (raba su don kada bayani ya maimaitu) na Edgar Codd, wanda ya fito da wannan tsari a 1970. A ganina, gabatar da su kafin nan ɓata alli ne.

A cikin manhajojin sarrafa rumbun bayanai, SQLite ya isa farawa, tunda ba ya buƙatar intanet. PostgreSQL sai an zo batun masu amfani da yawa lokaci ɗaya.