Tambayi Malamin Gona: barkono a bokiti, tumatir a baranda, da wasiƙar wani yaro daga Nima

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga mutanen gidan haya ne, waɗanda gonarsu ba ta wuce bokitin fenti uku a baranda ko a bakin taga ba. Na zaɓi biyar. Masu tambayar kiwon zomo su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Malam, ina da barkono a bokitin fenti a barandata. Safe da yamma nake ba shi ruwa, ban taɓa fashi ba. Amma ganyen ƙasa sun yi rawaya suna zuba, shukar ta yi yaushi, kuma in na taɓa bokitin sai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje su tashi. Ko ruwan ne bai isa ba? Daga wata Hajiya, Asawase, Kumasi.

Amsa: Hajiya, ruwan ya isa har ya yi yawa. Kafin komai ki ɗaga bokitin nan ki duba gindinsa. Ina kyautata zaton babu huda ko ɗaya, ko kuma akwai guda ɗaya da laka ta toshe. Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan kafofi da iska ke zama, in ruwa ya cike su dare da rana sai saiwar ta shaƙe ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta jan ruwa, shi ya sa ganye yake yin yaushi alhali ƙasar sharkaf take. Mai shuka ya ga yaushi ya ce ƙishi ne, ya ƙara zuba ruwa. A nan yawancin barkonon baranda yake mutuwa.

Ƙudajen da kika gani ba su ne ciwon ba, shaida ce kawai. A jiƙaƙƙiyar ƙasa suke yin ƙwai, tsutsarsu tana cin ruɓaɓɓen abu da ƙananan saiwoyi. In saman ƙasar ya bushe, su ma za su ragu.

Ga abin da za ki yi. Ki sa ƙusa a wuta ta yi ja, ki huda gindin bokitin wuri shida ko takwas, ki ɗora shi a kan duwatsu ko gutsuren bulo don ruwa ya samu hanyar fita. Sai ki ɗaga masa ƙafa da ban ruwa. Daga yau yatsanki ne alƙali: ki tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in kin ji danshi ki wuce abinki, in kin ji bushewa ki zuba ruwa sosai har sai ya ɗigo ta ƙasa. Ba a yi wa shukar bokiti ƙa'idar safe da yamma. A Kumasi, daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin babbar damina, bokitin da ke inuwar baranda yana iya kwana uku bai nemi ruwa ba. A Janairu kuwa, in iskar hunturu ta busa, wannan bokitin dai yana iya bushewa a yini ɗaya.

In bayan mako guda ba ki ga ta farfaɗo ba, ki kife bokitin a hankali ki fito da ita da ƙasarta ki kalli saiwar. Lafiyayya fara ce, tana da ƙarfi. Wadda ta lalace ruwan ƙasa ce, tana saɓulewa a hannu, tana warin kwata. Ki yanke ruɓaɓɓun, ki sake mata ƙasa. Jar lakar nan ta Kumasi ita kaɗai ba ta yi wa bokiti, tana dunƙulewa ta riƙe ruwa. Ki haɗa baƙar ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu ma ki watsa kaɗan a ciki, yana sassauta ƙasa. Ruwan wankin shinkafa ba laifi, amma ruwan wanki mai Omo ko bilic kada ya kusanci bokitin.

Tambaya: Tumatir ɗina yana bayan shagon ɗinkina. Ganyen sama sun nannaɗe sun ƙanƙance, wasu fararen ƙwari suna tashi in na girgiza shi, tururuwa na hawa da sauka, ganyen kuma ya yi baƙi yana danƙo. Wani ya ba ni magani a kwalbar lemo ya ce in fesa. Daga wani tela, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Malam tela, kwalbar nan ka ajiye ta inda hannun yara ba zai kai ba, kada ka fesa. Maganin da ba shi da takarda a jiki, ba ka san sunansa ba, ba ka san ma'auninsa ba, ba ka san kwana nawa za ka jira kafin ka ci abin da ka fesa wa ba. Ana samun maganin gonar koko a irin waɗannan kwalabe, a zuba shi a kan abin miya. Duk maganin ƙwarin da za ka saya, a kasuwar Kejetia ne ko a ina, ka ga yana cikin kwalbarsa ta asali, da rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, da bayanin irin amfanin gonar da aka yi shi dominsa.

Yanzu ka juya ganye ɗaya ka kalli bayansa, da tabaran ɗinkinka in ta kama. Ƙwarin baranda kusan duk a bayan ganye suke zama, mu kuma gaban muke kallo. Za ka ga fararen ƙudajen nan, da wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu kama da ɓawo manne da ganyen, 'ya'yansu ke nan. Wataƙila ka ga wasu koraye ko baƙaƙe masu taushin jiki sun yi cincirindo a kan sabon toho. Dukkansu tsotsar ruwan shuka suke yi, su fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda manoman dawa ke kira darɓa. Shi tururuwa take bi, har tana gadin ƙwarin don kada abincinta ya yanke. Baƙin da ka gani fumfuna ce da ta tsiro a kan danƙon, in ka goge da jiƙaƙƙen ƙyalle za ta fita.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ganyen saman da suka nannaɗe suka ƙanƙance. Farin ƙuda yana ɗauke da ƙwayar cutar bairos mai nannaɗe ganyen tumatir, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsaya cak, fure ya zube. In ita ce, babu feshin da zai warkar da ita. Ka tuge wadda ta kamu, ka sa a leda ka ɗaure ka fitar da ita, ka ceci sauran. Na san da ciwo, amma barinta a tsaye ajiye wa ƙudan rumbun cuta ne.

Ga sauran kuma, darbejiya ta ishe ka. Ka tsinci 'ya'yanta da suka nuna suka faɗo, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka fasa ka ciro ƙwayar ciki. Ka daka giram 50, ka jiƙa a lita ɗaya ta ruwa, wato leda biyu ta fiya wata, ya kwana. Da safe ka tace da ƙyalle mai laushi, abin da ba ka rasa ba a shago, ka narka ɗan sabulun salo kamar ƙaramin cokali ɗaya a ciki, wanda masu kasuwa a nan ke ce wa alata samina. Da yamma ake fesawa, don rana tana kashe ƙarfinsa, kuma sabulu a kan ganye da tsakar rana ƙuna ne. Ka bi bayan ganye ɗaya bayan ɗaya. Darbejiya ba ta kashe ƙwaro nan take, hana shi ci take yi ta kuma hana 'ya'yansa girma, saboda haka kada ka duba washegari ka ce aikin banza ne. Daga ƙwai zuwa babban ƙuda kamar mako uku ne a zafin ƙasarmu, sai ka maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, da sabon haɗi kowane karo. Ka yanko gefen tsohuwar jarkar nan mai launin rawaya da ake kira Kufuor, ka shafa mata man girki ka rataya kusa da shukar. Launin rawaya yana jan farin ƙuda, zai zo ya manne, kai kuma ka riƙa ganin ko suna raguwa.

In hunturu ya shigo ka ga ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari-fari, da siririyar yana a bayansa, wannan wani baƙon ne daban, ɗan mitsitsin dangin gizo-gizo mai son bushewa da ƙura. Wanke bayan ganye da ruwa a kai a kai yana rage shi sosai.

Tambaya: Na zuba takin zamani cikin tafin hannu a kowane bokiti don alayyahuna da ayoyo su yi sauri. Bayan kwana biyu bakin ganyen ya ƙone. Daga wata ɗaliba, Madina, Accra.

Amsa: 'Yata, zafin nema ba ya kawo samu. Takin zamani kamar gishiri ne a miya, in ya zarce sai ya ɓata tukunyar, kuma a ƙasa in ya yi yawa janye ruwa yake yi daga saiwa. Ki kwashe ƙwayoyin da ba su narke ba, ki kwarara ruwa mai yawa ya bi ta hudojin ƙasa ya wanke sauran. Bokitin lita 20, murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15 ya ishe shi, a binne a gefen bokiti nesa da kara, bayan mako biyu da dashe, sannan duk mako uku. Yuriya ta fi shi zafi nesa, naitirojin ɗinta kashi 46 cikin 100 ne, rabin murfi ma ya yi. Kashin kaji ɗanye shi ma yana ƙona shuka, kuma wanda ake samowa daga gidajen kaji gauraye yake da garin katako, wanda in bai ruɓe ba yake riƙe naitirojin ɗin da shuka za ta ci. Ki tara shi, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi warin ya tafi. Ga ganyen miyar tuwon zafi, wannan kaɗai ya wadatar.

Tambaya: Malam, na ji an ce gwamnati ta halatta wiwi. Na shuka guda huɗu a cikin ɗakina da fitila irin yadda na gani a YouTube. Ganyen suna yin rawaya. Wane taki zan sa? Kada a sa sunana. Daga wani matashi, Nima, Accra.

Amsa: Ɗana, ban sa sunanka ba, takin ma ba zan gaya maka ba. Wanda ya ba ka labarin nan rabinsa ya ji. A 2020 majalisar Ghana ta yi sabuwar dokar miyagun ƙwayoyi, Act 1019, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar gwamnatin soja ta PNDC mai lamba 236 ta 1990, ta kuma sauya wa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi suna daga NACOB zuwa NACOC. Sashe na 43 na dokar ya ba Ministan Cikin Gida ikon bayar da lasisin noman wani nau'in wiwi wanda sinadarin THC, mai sa maye, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, don masana'antu, wato zare da iri, ko don haɗa magani. A Yulin 2022 Kotun Ƙoli ta soke sashen saboda majalisa ba ta bi ƙa'ida wajen shigar da shi ba. A Yulin 2023 majalisa ta gyara dokar ta dawo da shi. Iyakar halaccin ke nan: da lasisi, kuma nau'in da ko buhu ka sha ba zai bugar da kai ba. Bidiyon da kake kallo yawancinsu daga Kanada suke, inda aka halatta abin a 2018, ko daga wasu jihohin Amurka. Dokarsu ba ta tsallako teku ta zo Nima ba.

Gaskiya ne sabuwar dokar ta sassauta wa wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, tara ce yanzu a maimakon dogon ɗaurin da. Mai nomawa babu lasisi bai shiga wannan sassaucin ba, guda huɗu ne ko gona guda, babban laifi ne. Ka kuma tuna irin gidan da kake. Warin abin nan in ya fara fure ba ya ɓoyuwa a gidan haya mai ɗaki goma da tsakar gida ɗaya. Ranar da aka zo, ba kai kaɗai za a tambaya ba, har mai gida da tsohuwar da ke ɗakin kusa da naka sai an tayar musu da hankali. Ban ma taɓo fitila mai zafi da ke kwana a kunne a kan tsohuwar waya, kusa da katifa da labule ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka tuge su. In kuma sha kake yi har ya fi ƙarfinka, Asibitin Pantang yana da sashen masu son rabuwa da ƙwaya, ka samu babba ɗaya da ka yarda da shi ya raka ka. Hannun da ya iya tsirar da iri a ɗaki ya iya renon irin barkono da tumatir a leda, kuma masu lambu suna sayen dashe.

Tambaya: Na'ana'a da ɗoɗɗoyata suna cikin falo. Sun yi tsawo siriri, ganyen ƙanana fari-fari, duk sun karkata wajen taga. Daga wata amarya, Tafo, Kumasi.

Amsa: Amarya, yunwar haske ce, taki ba zai yi maganinta ba. Fitilar falo ta ishe ki karatu, amma a wajen shuka kusan duhu ce. Na'ana'a tana haƙuri da rana ta awa uku ko huɗu, ɗoɗɗoya ta fi son shida, tumatir da barkono kuwa in ba su samu shida zuwa sama ba kada a sa ran 'ya'ya. Ki mai da su bakin tagar da ke kallon gabas, ko ki fitar da su baranda. Kada ki kai su tsakiyar rana kai tsaye, ganyen da ya saba da falo zai babbake, ki fara da hantsi na 'yan kwanaki tukuna. Ki datse dogayen rassan nan daidai saman inda ganye biyu suka fito, daga nan rassa biyu za su tsiro ta yi kauri. Abin da kika datse na na'ana'ar ki tsoma a kofin ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu zai yi saiwa, sai ki dasa a wani bokitin.