Neman kayan tsohuwar Fijo a Abossey Okai

Malam, ka tambaya ko mu 'yan Zangon Ankara, babban birnin Gana, muna da wata kasuwa irin Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, tunda za ka zo wajen abokin karatunka ku nemo wa Fijo 504 ɗinka kaya. Har ka ƙara da cewa ko za ka sami mai jin Hausa. Wannan ƙarin ya ɗan sosa mini rai. Abossey Okai, kasuwarmu ta kayan mota, tana maƙwabtaka da Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma har gobe da Hausa ake ciniki a unguwar.

Ku je da safe, ku riƙe tsohon ƙarfen a hannu, don a nan da ido ake gwadawa. Kafin ku kai shago samari za su tare ku, ana ce musu "goro boys", su ne 'yan kamasho. Goron nasu a kan kuɗinka yake hawa, saboda haka bar abokinka ya yi magana. Abin da kuke kira ɗan Beljiyam mu "hom-yus" muke cewa.

Kan silindar 504 na alminiyom ne, in injin ya taɓa tafasa sai ya lanƙwashe. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa ka duba ta hasken rana. In haske ya ratsa ta ƙasa, sai an kai shi an goge, in ba haka ba gaskit zai sake ƙonewa, ruwa ya gauraye da baƙin mai. Kuma silif ɗin injin nan, wato bututun da fistin ke gudu a ciki, a cikin ruwa suke zaune, zarewa suke yi. In an cire kan silinda kada kowa ya juya karanshaf sai an danne su da washa da noti, don da sun motsa gaskit ɗin ƙasansu ya tashi aiki. Nan yaran makanikai suka fi yin ɓarna. Kafireto Solex ne, girgiza sandar maƙogwaronsa, in tana wasa iska za ta riƙa shiga, salansa, wato aikin injin in mota tana tsaye, ba zai taɓa zama ba. Tazarar kwantak, abin da ke katse wuta a distribita, milimita 0.4 ce. Ƙofa ko bonet kuwa, bi su da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa ciko ne aka shafe tsatsa da shi, iskar teku ba ta raga wa ƙarfe a garin nan. In kun ga tsohuwa mai sitiyari a dama kada ku yi mamaki, Gana sai a 1974 ta koma tuƙi a hannun dama, shekara biyu bayan Nijeriya.

Gaskiya ɗaya: kayan 504 sun fi yawa a wajenku, tunda a Kaduna aka daɗe ana haɗa ta. Na tsohuwar Marsandi da Datsun ne za ku fi dacewa da su a nan.

In ka ji mai shago yana maganar matarsa ya ce "ya tafi kasuwa" maimakon "ta tafi", don Allah riƙe dariyarka. Wataƙila uwarsa 'yar ƙabilar Ga ce ko Batona, wato 'yar Ashanti, kakansa kuma Bakatsine mai fataucin goro. Irin auren nan ne kuke mana gori da shi, alhali matan nan su suka yi ta kai mu makarantar allo da asuba, su suka iya tuwo da miyar ayoyo. Ku gama cinikin kafin azahar, ku tsallako Sabon Zango ku yi salla, a zuba muku wake da shinkafa a ganye.