Sunan kakarki ba inda ya je

'Yar'uwa, na ga tambayarki, cewa kina son sa wa jaririyarki sunan kakarki Hajara, amma ƙawaye sun ce miki sunan tsofaffi ne, yayinsa ya wuce. Bari in gaya miki abin da idona ya gani, don shekara 22 na yi ina kiran rajista a firamare.

Akwai shekarar da na samu Ilham har huɗu a aji ɗaya. Da na kira, sai hannu huɗu ya tashi. Dole na raba su, wannan Ilham doguwa, waccan ta bakin taga, ɗaya kuwa Ilham mai kuka, don kullum da hawaye take shigowa. Uwar ɗaya ta zo ɗaukarta, ta ji ana kiran sunan ta ko'ina, ta riƙe baki ta ce, "Malama, wallahi na zaɓe shi ne don duk danginmu babu mai shi." Gaskiyarta. Sai dai sauran iyayen uku su ma dalilinsu ke nan. Lokaci guda sunan ya shiga kunnensu, kowacce tana ganin ita kaɗai ta tsinto shi. Bayan shekara bakwai ko takwas, ko Ilham ɗaya ban ƙara samu a aji ɗaya ba.

Haka abin yake ko'ina. A Amurka suna da lissafin sunayen jarirai tun daga 1880. Mary ce kan gaba har 1946, Linda ta ture ta a 1947, Mary ta sake karɓewa daga 1953 zuwa 1961. Jennifer ta riƙe na ɗaya shekara 15 cur, daga 1970 zuwa 1984, yau kuwa in an ce Jennifer, uwar yara ake hangowa.

Wanda ya fi kama da naki shi ne Emma. Yana cikin na gaba-gaba a shekarun 1880, ya yi ƙasa sosai a shekarun 1970, sannan ya dawo na ɗaya a 2008, ya kuma riƙe daga 2014 zuwa 2018. A nawa ganin dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sunan sa'o'in iyayenmu shi muke ji ya tsufa, saboda masu shi na gabanmu. In aka haura zuwa kakanni da iyayen kakanni, kunne ya huta da shi, sai ya dawo da daɗinsa.

Abin da ke kayar da suna farat ɗaya daban ne. Alexa ya faɗi bayan kamfanin Amazon ya sa wa manhajarsa mai amsa murya sunan a 2014, Katrina ma ya ja baya bayan guguwa mai wannan suna ta afka wa Amurka a 2005. Wannan ba wanda ke iya hango shi, kuma sabon suna bai fi tsoho tsira ba.

Ni dai da ni ce, Hajara zan sa, ƙawayen nan da kansu za su saba kafin yarinyar ta fara rarrafe. A shekarata ta ƙarshe Hajara ɗaya tak nake da ita cikin yara 54, kuma ita ce ban taɓa laƙa wa wani suna don in bambanta ta ba.