Amsa ga mai tambaya kan sa 'yarsa cikin sikawut

Malam, ka ce 'yarka mai shekara 11 ta nace sai ta shiga sikawut, ƙungiyar horar da yara, kamar yayanta, kana tsoron cuɗanya da maza. Tsoronka na kan hanya, amma ni dai shawarata ka bar ta.

Ba yau aka fara ba. Baden-Powell ya kafa sikawut a Ingila a 1907, a 1910 aka buɗe ta 'yan mata, wato Girl Guides. A Amurka ma, da suka karɓi mata a babban rukuninsu a 2019, ayarin mata daban suka yi, na maza daban.

Mu Sakkwatawa kuwa muna da tushe. Nana Asma'u ta tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata, su ne 'Yan Taru.

Tawa 'yar a sikawut ta koyi taimakon gaggawa. Ranar da ƙanenta ya ƙone da ruwan zafi, ita ta hana mu shafa mai, ta yi ta kwarara masa ruwan sanyi.

Ka je makarantar da kanka. Ka tambayi wace malama ke jagorantarsu, ko kayansu sun haɗa da hijabi, kuma ina mata ke kwana idan an fita sansani.